Wutar cek ta ƙi mutuwa a Corolla ɗina, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da Toyota Corolla ƙirar 2008, kuma yau wata biyu ke nan wutar cek, wato wutar gargaɗin matsalar inji, tana kunne a dashbod. Bakanike ya canza fulogi, daga baya ya ce sansar iskar salansa ce, na saya aka saka. Duk lokacin da ya cire kan batir wutar takan mutu, amma kafin kwana biyu ta dawo. Motar tana shan mai fiye da da, kuma idan na taka totur zan wuce babbar mota sai ta yi nauyi kafin ta ɗauka. Da aka sa mata kwamfuta, lambar da ta fito ita ce P0171. Me ya rage in duba kafin aljihuna ya ƙare?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Malam, a daina cire kan batir, domin goge lambar kawai yake yi, ciwon yana nan. Irin wannan lamba sai kwamfutar motar ta ga matsalar a tafiya biyu kafin ta kunna wuta, shi ya sa kake samun hutun kwana biyu. Idan kuma wata rana wutar ta koma ƙyaftawa, ka ajiye motar, don injin na tsallake wuta ke nan.

Amsa ta biyu, daga wani mai gyaran wutar mota: Alhaji, a ganina an hukunta ɗan aike ne. Ma'anar P0171 ita ce iska ta rinjayi fetur a cikin injin, kuma sansar salansa rahoto kawai ta kai, ba lallai ita ce mai laifi ba. Wadda nake zargi ita ce sansar MAF, mai auna iskar da ke shiga, tana nan a bayan akwatin matatar iska da sukurori biyu. A cikinta akwai wata siririyar waya mai zafi, wadda idan ƙurar hunturu ta lulluɓe ta sai ta riƙa ba da lissafin iska ƙasa da gaskiya, kwamfuta kuma ta rage mai. A fesa mata maganin wanke MAF, a bar ta ta bushe da kanta. Kada a yarda yaron gareji ya sa mata fetur, ko maganin kafireto, ko tsinke. Na sha ganin lafiyayyar sansa ta mutu a haka.

Amsa ta uku: Ina tare da oga, sai dai kada a sake sayen komai da ka. A mayar da kwamfuta a dubi yawan fetur ɗin da injin ke ƙarawa. Idan ya haura kashi 10 cikin 100 a tsaye, sannan ya sauka da aka ba ta wuta, iska ce ke satar hanya ta fasasshen tiyo ko gasket ɗin manifol, wato bututun da ke raba iska cikin injin, wanda sanannen ciwo ne ga wannan injin. Idan kuwa ƙaruwa yake yi da an taka, to MAF ce ko famfon mai, wato mai tura fetur.

Mai tambaya: Na gode, Allah Ya saka da alheri. Mun gwada, adadin yana hawa ne idan an taka, famfon mai kuma lafiyarsa ƙalau. Da muka ciro sansar, wayar ta yi ja wur da ƙura kamar an barbaɗa mata garin bulo, ashe murfin matatar iska ne bai zauna daidai ba. Wanki ya rage nauyin amma wutar ta dawo, sai na sayi sabuwar sansa ta kamfanin Denso mai lamba ɗaya da tsohuwar. Yau kwana tara, har Zariya na je na dawo, dashbod shiru.