Neman shawara: shirina na Python yana tsallake rana guda a lissafin shago

Lawali: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina shekara ta biyu a Jami'ar André Salifou, da yamma kuma ina zaman shagon kawuna a kasuwar Dole, hatsi muke sayarwa. Kullum bayan magariba yakan rubuta abin da aka tashi da shi a kaye, in asara ce ya sa alamar ragi. Na kwashe na kwana 7:

x = [1500, 800, -300, -200, 0, 600, -100]

Ina son shirin ya nuna min duk ranar da aka juya daga riba zuwa asara, ko daga asara zuwa riba. Na sa shi yana ninka kowace lamba da ta gabanta, in x[i] * x[i+1] < 0 to an juya. Da farko IndexError ya riƙa ba ni, wato na wuce ƙarshen jerin, na mayar da range(len(x) - 1), wannan ya wuce. Amma yanzu juyi 2 yake nunawa, ni kuwa da idona 3 nake gani. Ina matsalar take don Allah?

Isuhu: Wa alaikumus salam. Sifirin nan ne ya yi maka ƙafar ungulu. -200 sau 0 sifiri ne, 0 sau 600 ma sifiri, babu wanda ya gaza sifiri. Bar ninkawa, ka kira lambar a, ta gabanta kuma b, ka sa (a < 0) != (b < 0), za ka samu ukunka.

Mariyama: Isuhu, a wannan jerin dai zai samu 3, amma gwada [-200, 0, -50] ka gani. Naka zai ce an juya sau 2, alhali ko dala ba a ci riba ba, don ya lissafa sifiri cikin riba. Ƙanena, ka fara tsame sifirin, sai dai kada lambar ranar ta ɓace maka:

y = [(r, n) for r, n in enumerate(x, 1) if n != 0]
for (r1, a), (r2, b) in zip(y, y[1:]):
    if (a < 0) != (b < 0):
        print(r2)

Zai fito da 3, 6, 7. Shi zip yana tsayawa da kansa inda gajeren jeri ya ƙare, ka huta da IndexError.

Malam Habu: Na Mariyama ya yi. Ninkawar nan kuma kada ta zame maka jiki. Python ba ya ƙin lamba komai girmanta, amma a yaren shiri na C, int mai bit 32, wato ma'ajin cikakkiyar lamba, iyakarsa 2147483647. Ribar jika 50 ka ninka da asarar jika 50, ka tsallake iyaka ke nan, alamar ma tana iya juyewa ba tare da ya ce maka uffan ba. Sannan, yaro, ka tambayi kawun naka me sifirin yake nufi a kayensa?

Lawali: Yaya Mariyama, na gwada, 3, 6, 7 cif. Allah ya saka da alheri. Malam, na tambaye shi ɗazu, sai ya yi dariya. Ashe ranar ko buɗe shago bai yi ba, suna ya tafi Mirriya, ya sa sifiri don kada layin ya zauna fili.

Malam Habu: To ka gani. Irin wannan ranar ka sa mata None, wato ba a rubuta komai ba, ka tace da n is not None. In wata rana aka tashi kunnen doki da gaske, sai ku zauna da kawu ku yanke inda za a sa ta.