Wankin Rufin Majami'ar Sistin: Gyara Ne Ko Ɓarna?

Malamin zane: 'Yan uwa, ina nan a kan bakana cewa wankin da aka yi wa rufin Majami'ar Sistin ta Batikan a shekarun 1980 ya cutar da aikin Mikelanjelo. Mutumin nan, wanda ya zana rufin tsakanin 1508 da 1512 bisa umarnin Fafaroma Juliyas na Biyu, masassaƙi ne tun asali, kuma da inuwa yake ba siffofinsa kauri. Masu wankin sun ɗauki duk abin da ke saman filasta a matsayin datti, suka share har da baƙin da ya ƙara da hannunsa bayan filastar ta bushe.

Ɗalibar tarihi: Allah ya gafarta Malam, ban gamsu ba. A salon zanen da Mikelanjelo ya bi ana shafa launi ne a kan ɗanyar filasta, ya shige cikinta ya zama jikin bango. Abin da shugaban masu wankin, Gianluigi Colalucci, da abokan aikinsa suka cire shi ne kunkunniyar kyandir ta ɗaruruwan shekaru, da gam ɗin dabba da masu gyaran baya suka yaɓa, wanda ya yi duhu da tsufa.

Malamin zane: To, 'yata, ina ƙwayar idon wasu ƙananan siffofin ta tafi? Hotunan da aka ɗauka kafin wankin suna nuna ta, kuma marigayi Farfesa James Beck na Amurka ya daɗe yana jan kunne kafin rasuwarsa a 2007.

Dattijo mai fenti: Malam, batun idon yana da nauyi, ban raina shi ba. Amma a duba zanen nan mai da'ira da Mikelanjelo ya yi wa iyalan Doni, wanda ke birnin Fulorans na Italiya, domin launukansa masu kaifi ne ƙwarai, irin waɗanda suka bayyana a rufin, inda tufa guda kan juya daga kore zuwa ruwan ɗorawa. Rufin yana da nisan kusan mita 20 daga ƙasa, kuma wanda ke son a ga siffofi sama da 300 da hasken taga kawai ba zai dulmuyar da su cikin duhu ba.

Malamin zane: Na yarda da hasken launin, Baba. Jayayyata tana kan inuwar da ke bisa launin, domin sinadarin wankin ba ya bambance baƙin kyandir da baƙin da mai zane ya sa da gangan.