An kai amarya, labari ya cije: ya kuka yi kuka fita?

Uwar Biyu

Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta. Ina neman wanda ya taɓa shiga halin da nake ciki ya gaya min yadda ya fita. Littafin kuɗi nake saki a zauren WhatsApp, shafi guda kullum bayan isha'i. Tun farko labarin a kan ƙin amincewar mahaifin yarinya yake tafiya, saboda saurayin ɗan mahauta ne, su kuma gidan malamai. Yanzu uban ya sauko, an ɗaura aure, an yi kamu, an kai amarya, har sayen baki na rubuta. Daga nan komai ya tsaya cak. Mutane sun biya kuɗinsu a kan littafi mai tsawo, ga shi rabi na ci. In yara sun yi barci sai in ɗauki waya, in rubuta layi in goge. Masu karatu kuma kowa da nata: wasu a yi mata kishiya, wasu a nuna musu amarci dalla-dalla, kun dai gane. Ba ɗaya da raina ya kwanta da shi.

Mai Keken Ɗinki

Wa alaikumus salam Anti. Ni ma daidai nan na taɓa maƙalewa, kuma shagona ne ya fitar da ni. Tela ce ni, rubutu sai dare ko in aiki ya yi sauƙi. Amare suna yawan kawo min gyaran kayan lefe da aka ɗinka ba a gwada su ba, ina farke ɗinki suna zaune suna hira. Na lura a watannin farko ba mai zancen kishiya. Zancensu bashin kayan ɗaki ne da uwa ta ciwo ana ta yi mata sallama a kai, da ƙanwar miji da aka kawo ta taya amarya zama ta koma mai kai rahoto, da mijin da lokacin zance ba ya gajiya da kira, yanzu kuwa yana cin tuwo ido na kan waya. Wata ta ce min ranar da shinkafarta ta caɓe shiru ya yi ya cinye, kuma shirun nan ya fi mata faɗa ciwo.

Ban ɗauki labarin kowa ba, amana ce, amma na san inda zan haƙa. Sai na sa jarumata ta gano babanta gonarsa ya jinginar ya yi mata kayan ɗaki. Ta shiga adashi a ɓoye don ta fanso gonar, shi kuma mijin yana ganin kuɗin cefane ba sa kaiwa, ga ta kullum tana ƙus-ƙus a waya. Dukkansu suna son juna, dukkansu suna da gaskiya. Wannan kaɗai ya kai ni ƙarshen littafi.

Hajiya Tsohuwar Hannu

'Yata, bari in ɗan ja zance, ki yi haƙuri da ni. Mu a shekarun 1990 muka fara, lokacin da ƙungiyar marubuta ta Raina Kama ke tashe a Kano. A littafin rubutu na 'yan makaranta muke yi da biro, a kai wa mai tayipin, daga can maɗaba'a, sannan a ɗaure a kai wa 'yan kasuwa a Sabon Gari. Littafi kashi-kashi yake fita, na ɗaya, na biyu, na uku, kuma sau da yawa kuɗin na ɗaya ne ke buga na biyu. Ra'ayin mai karatu kuwa sai ta wasiƙa, ta adireshin da muke sawa a bayan littafi. Kafin wasiƙa ta iso, labari ya nuna a ran mai shi. Ku yanzu ba ku gama ajiye waya ba sharhi ya fara zuba, to dole kai ya ɗaure. Ban ce zamaninmu ya fi naku ba, mu ma mun sha wuyar jiran kuɗi a hannun 'yan kasuwa, amma mun samu sararin tunani.

A nawa ganin labarinki bai ƙare ba, ke ce kika ɗauka ya ƙare. Uba ya yarda, to goggonni fa? Wanda ya raina sana'ar mutum ba ya daina raina ta don an shafa fatiha. Ki kai su ranar suna ki ji abin da wata za ta faɗa a kan jaririn tana murmushi. Ki bar mijin ya dawo daga mayanka, ta tarbe shi, ya lura ta ɗan kau da fuska ba tare da ta sani ba. Wanda ya sha gori tun yana yaro, wannan ɗan kau da fuskar zai kwana da shi.

Ni da na taɓa cijewa haka, kotun shari'a na riƙa zuwa ina zama ina sauraron ƙarar aure. Akwai wadda ba na mantawa. Yarinya ce ta zo neman khul'i, wato ta mayar da sadaki a sake ta, kuɗin sadakin a ƙulle a bakin mayafinta, tana ta murza ƙullin da yatsa. Alƙali ya tambayi mijin ko ya karɓa. Ya ce shi ba ya son kuɗi, ta faɗa masa laifinsa kawai. Ta buɗe baki ta kasa, don ba duka, ba zagi, ba yunwa, abin ƙanana ne da suka taru. Da na koma gida hannuna har ciwo ya yi don rubutu.

Masu cewa ki buɗe musu ɗakin amarya kuwa, kada ki biye musu. A 2007 an tara littattafan Hausa an cinna musu wuta a Kano da sunan gyaran tarbiyya, daga baya hukumar tace fina-finai ta ce marubuta su zo su yi rajista. Da mai laifi da marar laifi duk suna ɗaya aka kira mu da shi, kuma mun daɗe muna wanke kanmu. Ki ja musu ƙofa ki wuce zuwa safiya, mai hankali ya gane.

Ɗan Fagge

Hajiya Allah ya ƙara girma, kin gama magana. Sai dai zan ɗan kare kishiya, don na ga ana yi mata kallon hanyar ragwaye. Tana cikin rayuwarmu, ba yadda za a yi a kore ta daga labari. Abin da ke ɓata ta shi ne a jefo ta daga sama ranar da marubuci ya rasa abin faɗa, ta zo da boka da ƙaton gashin ido. Ni na taɓa kawo ta a tsakiyar littafi, amma tun shafukan farko tana nan, matar abokin jarumin ce, abokin ya rasu ya bar mata yara. Sai da na zauna da wani malami a unguwarmu na tabbatar da lissafin takaba, wata huɗu da kwana goma, da rabon kwana, budurwa bakwai, bazawara uku. Kwana ukun nan gaba ɗaya daga ɗakin uwargida na rubuta su, tana jin motsin gidan, kuma ita da kanta ta san matar ba muguwa ba ce. A kasuwa nake, tsakanin ciniki da ciniki nake rubutu a bayan littafin lissafi, abokai suna ta tsiyar namiji da littafin soyayya, amma shafukan kwana ukun nan har maza sun kira ni a kansu.

Anti Uwar Biyu, in za ki bi shawarar Hajiya ki nemi matar mahauci ki sha hira. Ki tambaye ta ƙarfe nawa yake fita, yaya ake karɓar shanu bashi a hannun dillali, me ke faruwa a gidan ranar da nama ya kwana. In ya tafi Wudil ranar Juma'a sayen shanu, da wane rai take jiransa?

Anti Malama

Ni tawa hanyar daban ce, kuma na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. Rufe littafin na yi. Na duba na ga abin da na ɗauko faɗa na faɗe shi, duk abin da zan ƙara ja ne kawai. Na fito zaure na gaya musu gaskiya, na ce wadda take son ragowar kuɗinta ta yi magana, wadda ta haƙura zan sa ta a littafi na gaba kyauta. Kaɗan ne suka karɓa. An yi gunaguni, wata har ta fita ba sallama, amma waɗanda suka zauna su ne har yau nake tare da su.

Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, ita ta koya min yanka. Labari ba zai wuce kalma 1,500 ba, dole ki zaɓi abin da zai rayu. Tun daga nan ba na karɓar kuɗin kowa sai na rubuta shafin ƙarshe na ajiye, ko da tsakiyar ba ta cika ba. Ina koyarwa da safe, ga makin jarrabawa, ga girki, ba ni da ƙarfin da zan riƙa ƙirƙira ana tsaye a kaina. Sannan na lura littafin da aka ja shi ya yi tsawo ya fi saurin fita waje ga waɗanda ba su biya ba, duk Allah ya isan da za ki rubuta a saman shafi.

Uwar Biyu

Na gode ƙwarai. Anti Malama, na auna taki, amma da na karanta maganar kau da fuskar nan sai da gabana ya faɗi, alamar akwai sauran labari ke nan. Zan sanar da su na koma saki sau biyu a mako.

'Yar Damagaram

Sannunku da hira, daga Nijar nake bin ku. Ni raba su na yi ba tare da saki ba. Bayan biki kaɗan na tura angon ci-rani Libiya ta Agadas, kamar yadda mazanmu da yawa suke tafiya, har da nawa. Rabin littafin na biyu saƙon murya ne tsakaninsu. Tana sauraro cikin dare, waya manne da kunne, ta rage sauti don uwar miji na ɗakin da ke kusa. Wani lokaci sati ya wuce ba saƙo, ba ta san ko caji ne, ko kuɗi, ko an kama shi ba. In ya turo kuɗi kuma ta hannun yayansa suke biyowa, sai abin da aka ga dama aka miƙa mata. Ban sha wahalar neman kalmomi ba, na san zaman nan. Abin da ya ba ni wuya shi ne hana kaina juye rayuwata gaba ɗaya a ciki, don dangin mijina ma suna karatu.

Mai Keken Ɗinki

Hajiya don Allah, maganar kotun nan. Ana barin mace ta shiga ta zauna alhali ba ta da ƙara? Ina so in gwada amma ina jin nauyi.

Hajiya Tsohuwar Hannu

Ni dai ba a taɓa hana ni ba, 'yata, sai in alƙali ya ce a ba su wuri, to sai ki tashi. Ki sa hijabinki ki je da wuri, ki zauna layin baya wajen mata. Kada ki fito da waya ko takarda, ki riƙe a ka, in kin koma gida ki rubuta. Ki sauya suna, ki sauya gari, ki sauya sana'a, yadda ko mai labarin ta karanta ba za ta ce ita ce ba. Kuma ki gaya wa maigidanki kafin ki fara zuwa, kada wani ya riga ki kai masa labarin an gan ki a kotu.