A ba ɗan takara makirufo a cikin sujada saboda kwanon rufi?

Ma'aji, Tudun Wada, Jos:
'Yan'uwa, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ni ne ma'ajin wata ƙaramar ikilisiya. Rufinmu ya mutu, da ruwa ya sauko sai mawaƙa su riƙa jan benci suna gudun yoyo. Wani ɗan takara ya aiko cewa zai saya mana kwano, amma a ba shi makirufo ranar godiyar kaka ya gai da jama'a. Dattawa sun rabu biyu. Hankalina bai kwanta ba, amma littafin kuɗi yana hannuna, na san baikonmu ba zai rufa ginin nan bana ba. Yaya za mu yi?

Dattijo, Bukuru:
Ɗana, buɗe Yakubu 2:1-4. Mai zoben zinariya ya shigo an ba shi wurin zama mai kyau, matalauci kuma an ce ya tsaya can. Manzo ya kira wannan mugun shari'a. Gwauruwar da take share majami'arku kowace Asabar, an taɓa ba ta makirufo? Abin da ya fi damuna shi ne gobe. In baki ya ci, ido kan ji kunya. Annabi Natan ya iya duban sarki Dawuda ya ce masa shi ne mai laifin, don ba ya jin nauyinsa. Ranar da mutumin nan ya hau kujera ya riƙe albashin malamai, fastonku zai iya buɗe baki a ƙarƙashin kwanonsa?

Matashi, Rayfield:
Baba ya yi gaskiya, har doka tana bayansa: Dokar Zaɓe ta 2022, sashe na 92, ta hana yaƙin neman zaɓe a wuraren ibada. Sai dai kada mu ce siyasa ba ruwanmu. Duk wanda ya ga rikicin Satumbar 2001 a garin nan na Jos ya san abin da mugun shugabanci yake jawowa. 1 Timoti 2 ta ce mu yi addu'a domin masu mulki. Ku haɗa kai da maƙwabta, har Musulmin unguwa, ku kira dukan 'yan takara zauren taro, ku tambaye su batun ruwan famfo da tsaro.

Uwar Zumuntar Mata, Anglo Jos:
Ma'aji, sannu da ɗawainiya. Ni ban ce ku ƙi kyauta ba. Ku ce masa ya kawo a asirce, yadda Matiyu 6:3 ta koyar, ya zauna ya ji wa'azi kamar kowa. Ku tuna a benci ɗaya akwai 'yan jam'iyyu dabam-dabam, kuma dukansu za su ci Jibin Ubangiji tare. Mu da muka yi namu rufin, kashi-kashi muka yi. Mata suka sayar da acca da dankali, matasa suka yi gayya, muka fara da gefen bagadi. Ya ɗauki lokaci, amma an gama.

Ma'aji:
Na gode, Baba da Mama, da kai ɗan'uwa. Ranar Laraba dattawa za su zauna, zan kai shawarar a karɓa ba tare da makirufo ba. Mama, ki taimake ni da yadda kuka raba aikin, in nuna wa kafinta ya fitar mana da lissafin gefen mawaƙa tukuna.