Wu-Tang Forever a faifan garmaho: in saya ko in haƙura?

Sadiq_TudunWada:
Assalamu alaikum. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure min. Yayata da ke aiki a Ingila za ta zo gida ƙarshen wata, ta ce in zaɓi tsaraba ɗaya, kada ta wuce fam 50. Bara na gyara garmahon marigayi Babanmu, na sa masa sabuwar allura, yana juyawa lafiya lau. Abu biyu ne a gabana. Ko Wu-Tang Forever, albam ɗin ƙungiyar rap ta Wu-Tang Clan, wanda a CD faifai biyu ne amma a garmaho faifai huɗu ne cikin kwali ɗaya, ko in haɗa 36 Chambers, albam ɗinsu na farko, da Liquid Swords na GZA, ɗaya daga cikinsu, kuɗin kusan ɗaya ne a inda ta duba. Ni haihuwar 1999 ne, ban taɓa zama na ji Forever daga farko har ƙarshe ba, "Triumph" da "Reunited" kaɗai na sani sosai. Wanda ya zauna da shi ya faɗa min gaskiya: faifai huɗun nan sun ci kuɗinsu da nauyin da za su ƙara wa jakarta, ko rabinsu ciko ne? Don Allah ba CD nake tambaya ba, ba kuma na waya ba.

Abba_Gwale:
Wa alaikumus salam. Ka sauke a waya kawai, ta kawo maka takalmi.

Kb_Makaveli:
Idan maganar albam mai faifai biyu ake yi, an gama tun 1996 da All Eyez on Me. Shi za ka saya, ƙanena. Mutum ɗaya ya cika faifai biyu, su kuwa su tara ne suka taru.

Yaya_Nura_Kd:
Kb, yaron bai tambaye ka Tupac ba.

Sadiq, sai ka san halin da aka yi albam ɗin kafin ka yanke. 36 Chambers ya fito a Nuwamba 1993, samari tara daga New York, yawancinsu 'yan Staten Island, kiɗan jagoransu RZA a daƙile kamar a ɗakin ƙasa aka ɗauka. Daga nan suka watsu kowa ya yi nasa: Method Man a 1994, Ol' Dirty Bastard da Raekwon da GZA duk a 1995, Ghostface a 1996. Da suka sake haɗuwa ranar 3 ga Yuni 1997, kowane ɗaya ya zama zakara a gidansa, kowa yana son a ji shi. Shi ya sa abin ya kumbura ya kai waƙa 27, kusan awa biyu. Makon farko ya sayar da kwafi 612,000 a Amurka, ya hau na ɗaya.

Akwai ciko? Akwai. "Black Shampoo" ta U-God ban taɓa barinta ta kai ƙarshe ba. Amma baitin Inspectah Deck da ya buɗe "Triumph", waƙar da ta kusa minti shida babu amshi ko ɗaya, da baitin Ghostface a "Impossible" inda yake riƙe da abokinsa da aka harba yana roƙonsa kada ya mutu, waɗannan biyun kaɗai sun isa a ajiye kwalin a gida. Na ji baitin nan ina aji shida na sakandare, ban gane rabin Turancin ba, amma muryarsa ta sa na tashi zaune.

Hajjo_Jos:
Ni abin da ke ban mamaki, duk mai cewa "na ji shi a 1997", wanne ya ji? Mu a Jos wurin mai rikodin muke zuwa da kaset ɗinmu na minti 90. Albam ya kusa awa biyu, kaset awa ɗaya da rabi, to mai shago ne ke zaɓar abin da zai shiga. Namu ya yanke wa'azin nan na farko, ya yanke "Maria", ya yanke "Black Shampoo" da "Second Coming". Na yi shekaru ina rantsuwa albam ɗin ba shi da aibi, ashe hannun mai shagon ne ya tace min shi. Da na ji cikakkensa daga baya sai na ji kamar an ƙara ruwa a miya. Har yau jerin kaset ɗin nan ne a kaina, "It's Yourz" na ƙarewa sai in jira ƙarar maɓalli in juya.

Garba_SabonGari:
Ban so in sa baki ba, amma sunan albam ɗin nan kaɗai yana tayar min da abu.

A 1998 ina yaron shago wurin kawuna mai sayar da kayan gyaran mota. Wata bakwai ina tara kuɗin abincin rana, gurasa da ruwa nake yi, har na ba wani abokin cinikin kawu da zai je Landan ya riƙo min CD ɗin na asali. Ranar da ya miƙo min kwalin nan mai kauri da tambarin W, a cikin riga na ɓoye shi har gida. Na ɗauki jan farcen ƙanwata na ɗiga ɗigo ɗaya a tsakiyar kowane faifai, kusa da ramin, don in san nawa.

Akwai abokina, tun makarantar allo muke tare, kwano ɗaya muke ci, mahaifiyarsa Inna nake ce mata. Ya ce in ara masa faifai na biyu kwana ɗaya. Na ba shi. Kwana ɗaya ya zama mako, mako ya zama wata. Da na matsa sai ya kawo min wani faifai duk ƙarce, na jabu, ya ce wallahi shi na ba shi. Na ce ina ɗigon jan farce? Ya ce wane jan farce.

Bayan kamar wata biyu ina wucewa ta layin masu rikodin, sai na ji "Triumph" na tashi daga lasifika, tas, ba irin sautin jabu ba. Na shiga na ce a nuna min faifan. Ga ɗigona nan ja. Mai shagon bai ɓoye ba, ya ce saya ya yi, ya faɗi wanda ya sayar masa. Kullum yana buga wa mutane kaset daga faifaina yana karɓar kuɗi.

Magana ta kai gaban manya. A nan ne Babana ya ji nawa na kashe a kan waƙa. Bai ce komai a kan satar ba, ni ya juyo wa. Ya ce yaron da zai hana cikinsa abinci wata bakwai saboda kiɗan Turawa ba a ba shi amanar shago. Kawu ya karɓe makullin aljihun tebur daga hannuna. Faifai ya tafi, aboki ya tafi, yardar mahaifina ta tafi. Na ɗaya yana nan a akwatina da ɗigonsa. Na biyun ban sake saurara ba, ko a waya.

Hajjo_Jos:
Innalillahi. Allah ya isar maka, Yaya Garba. Kun sake haɗuwa?

Garba_SabonGari:
Wurin jana'izar Inna. Mun gaisa, shi ke nan. Bai taɓa cewa in yafe masa ba.

Mal_Tukur:
Garba, shekara ashirin da ɗoriya fa. Ka yafe don Allah, faifai ne.

Garba_SabonGari:
Malam, ba faifan ba ne. Rantsuwar da ya yi yana kallon idona ce.

Abba_Gwale:
Ni mai shagon nake jin haushi. Ya san na sata ne, yaron unguwa ina zai samu na Landan?

DJ_Bala_Zariya:
Mu dawo kan kuɗi. Fam 50 ba za ta sayi Forever ba. Wanda na gani fam 120 ne.

Ummi_Leeds:
Wannan bugun farko na 1997 ka gani, na masu tarawa. An sake buga shi. Ni na saya wa maigidana sabo a leda fam 38, shekara biyu da suka wuce.

Kb_Makaveli:
A Legas wani ya ce min naira dubu 85, na hannu, kuma faifai ɗaya ya ɗan lanƙwashe.

DJ_Bala_Zariya:
Fam 38 faifai huɗu? Anti, ki duba da kyau, ƙila jabu aka ba ki.

Ummi_Leeds:
Malam Bala, a shagon faifai na saya da rasit, ba a bakin titi ba. Sadiq, abin da za ka gaya wa Yayarka shi ne kada ta sa shi a babbar jaka. Yana da nauyi, kuma in aka danne shi ko ya sha zafi zai lanƙwashe. Ta riƙe a hannu, a tsaye.

Issoufou_Damagaram:
Sallama daga Nijar. Mu namu ta Faransa yake zo mana. Wani ɗalibi ya kawo shi Yamai, muka yi karo-karo jikka biyu biyu muka buga kaset. Lokacin ne samari suka fara rap da Hausa da Zabarmanci, kowa na son ƙungiya mai mutum da yawa irin tasu. Ni waƙar da ta fi kama ni "Sunshower" ce ta RZA.

DJ_Bala_Zariya:
Babu wata "Sunshower" a Forever. Shekara 15 ina kiɗa a wurin biki, na san jerin nan da ka.

Issoufou_Damagaram:
Akwai ta a bugun da aka sayar wajen Amurka, ƙari ce. Na Amurka ne ba ya da ita.

Yaya_Nura_Kd:
Issoufou ya fi ka gaskiya, Bala. Kuma kiɗan biki daban, zama da albam daban. Wa ya taɓa sa "Bells of War" a wurin kamu?

DJ_Bala_Zariya:
To ai ku ma da kuke cika baki, Hajjo ta faɗa, guntu kuka ji. Shawarar wa za a bi, wanda ya ji rabi a kaset mai cin zare, ko wanda ke da kayan sauti?

Hajjo_Jos:
Wanda ya naɗe zaren da bayiro sau ɗari ya fi ka sanin abin da ke ciki. Mu batir muke saya don mu ji, ba a biyanmu.

Abba_Gwale:
Sadiq, ka ce wa Yaya ta ƙara kaɗan ta kawo maka Once Upon a Time in Shaolin, shi ma faifai biyu ne. Kwafi ɗaya tak suka buga, dala miliyan 2 kacal aka saye shi a 2015.

Ummi_Leeds:
Kai Abba, Allah ya shirye ka. Sai dai ta sayar da gidan da take haya.

Mal_Tukur:
Akwai abin da ba wanda ya faɗa wa yaron nan, kuma haƙƙi ne a faɗa. Muna samari muna jin suna ambaton Allah, suna sallama, muka ɗauka 'yan'uwa ne Musulmi irinmu. Da Turancina ya nuna sai na gane yawancin abin koyarwar Five Percent ce, ƙungiyar da Clarence 13X ya kafa a Harlem bayan ya bar Nation of Islam, masu cewa baƙin mutum shi ne abin bauta. "Wu-Revolution", ta farkon faifai na ɗaya, wa'azinsu ce ta sama da minti shida. Akwai kuma batsa tsagwaronta a "Maria" da waƙar Ol' Dirty ta faifai na biyu. A waya kai kaɗai ne da abin kunne. Garmaho kuwa falo yake cikawa, Hajiya na ji, ƙanne na ji. Ka yi tunanin wannan.

Kb_Makaveli:
Malam, ai Liquid Swords ɗin ma akwai koyarwar a ciki.

Mal_Tukur:
Akwai. Ban ce babu ba. Na ce ya san abin da zai shigo da shi gidan mahaifinsa.

Yaya_Nura_Kd:
Gaskiya ne, kuma a garmaho tsallake waƙa sai ka tashi ka ɗaga allura da hannu. Faifai huɗu fuska takwas ke nan, sau takwas za ka miƙe. Duk da haka har gobe ina jin zafin Grammy na 1998, da aka ba No Way Out na Puff Daddy aka bar wannan. Daren ne Ol' Dirty ya hau dandamali ba a kira shi ba ya karɓe makirufo. Ya rasu a 2004, Forever na cikin wurare na ƙarshe da za ka ji su tara ɗin da ƙarfinsu.

Sadiq_TudunWada:
Na gode ƙwarai. Yaya Garba, labarinka ya taɓa ni. Amma har yanzu ban ji wanda ya ce saya ko bari ba, kuma Yaya ta ce daren nan take son amsa.

Garba_SabonGari:
Duk wanda ka saya, kada ka ba kowa aro. Ko ɗan ɗakinku ne.

Hajjo_Jos:
Wannan cutar aron ta yi mana yawa. Kaset ɗina na minti 90 ɗin nan ma haka ya tafi, ɗan maƙwabtanmu ya ara zai yi tafiya Bauchi. In ka tambayi kayanka kai ne marowaci, in ka yi shiru an cinye. Akwatin kaset guda na tara, yau ko goma babu.

Issoufou_Damagaram:
Mu abin da ya fi ciwo, kaset ɗin rap ɗin samarinmu na farko haka suka salwanta hannu zuwa hannu. Na Amurka ko yaushe kana samu a intanet. Namu wa ya ajiye?

Mal_Tukur:
Littattafaina na makaranta ma haka. Wani har sunansa ya rubuta a kan nawa.

DJ_Bala_Zariya:
Ni lasifika biyu da janareta wani ya ara don walimar ƙaninsa tun kafin azumi. Jiya na kira shi, wai ai bai san ina sauri ba.

Abba_Gwale:
Bala, ka je da mota ka ɗauko abinka, kada ka sake kira.