Ɗakin da ke bayan a-kori-kura, gida ne?

Mai haya, Birnin Kebbi: Assalamu alaikum. Jiya mai gidan da nake haya ya aiko yaronsa ya shaida mini cewa kuɗin haya ya ƙaru, karo na biyu ke nan a shekara biyu, alhali ɗakin da muke kwana yana yoyo tun damina waccan. Abin ya tuna mini da ɗan ƙanin mahaifina da ke Amurka, wanda shi da matarsa suka bar haya suka koma zama a wani ɗaki da ake ɗorawa a bayan a-kori-kura. Gadon yana saman wurin zaman direba, akwai murhun gas da tankin ruwa da farantin sola a rufi, ga ƙafafu huɗu da ake sauke ɗakin a kansu idan ana son motar ita kaɗai. Ya ce a filayen gwamnatin tarayya na yammacin ƙasar mutum yana ya da zango kyauta har kwana 14 kafin ya matsa gaba, da hunturu kuma su gangara Arizona, wajen garin Quartzsite. Ni a ganina wannan gida ya fi gidan haya sauƙi da mutunci, kuma da zan samu, gobe ma sai in kwashe iyalina.

Tsohon shugaban makaranta, Argungu: Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya kawo maka mafita, amma ka gyara kalmarka, domin wannan ba gida ba ne. Gida shi ne wurin da yake da zaure da tsakar gida da maƙwabci, wanda idan baƙo ya shigo gari ya ce a kai shi gidan wane, yaro zai wuce gaba ya nuna masa ƙofa. Abin da yau yake Jega gobe yake Yauri, ina yaron zai nuna?

Ɗan makiyaya, Dakingari: Baba, ina girmama ka, amma da wannan ma'auni naka kakannina ba su taɓa yin gida ba ke nan. Bukka ake kwancewa a ɗora wa takarkari a bi ruwa da ciyawa, duk inda aka kafa ta kuma wuro ne, wato gida. A cikinta aka haifi mahaifiyata, a gabanta aka raɗa mata suna.

Mai sayar da kayan ɗaki, Birnin Kebbi: Maza kuna ta gardama, babu wanda ya tambayi matar. Ubanta ya sayar da shinkafarsa ta rani ya yi mata gado da kujeru da jere, a wane lungun mota za ta zuba su? Idan ta haihu, ina za a dafa ruwan wankan jego na kwana 40, ina matan barka za su zauna? Idan suka saɓa da miji, babu ko ɗaki na biyu da ɗaya zai shiga ya huce. Wannan ba zaman aure ba ne, gantali ne da 'yar mutane.

Ɗan makiyaya, Dakingari: Hajiya, ki janye kalmar gantali. Mun san da wa ake yi idan an faɗe ta.

Mai sayar da kayan ɗaki, Birnin Kebbi: Ƙanena, ban ambaci Fulani ba, kai ne ka tsargu. Ku kuna tafiya da dangi da dukiya, inna tana kusa, goggo tana kusa. Su waɗannan daga shi sai ita sai taya huɗu.

Direban tirela, Jega: Jama'a, a bar ni in taɓa maganar sauƙin da mai haya ya kawo. Hilux kayan da take ɗauka bai wuce tan ɗaya da 'yan kai ba, kuma nauyin ɗakin da na ruwa da na mutane duk a ciki ake lissafa su, ruwa lita 100 kuwa kilo 100 ne. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kowa ya san abin da cika tanki yake ci. Zafin Afrilu a nan yana haura digiri 40, na kwana a kan mota na san yadda ƙarfe yake gasa mutum. Sannan akwai hanyoyin da mu da muke da sabo ba ma bin su bayan magariba, balle a ce mutum ya shiga daji da mace ya kashe mota ya kwanta. Ranar da injin ya buga kuwa, garejin bakanike ya zama masaukinku.

Malamin Islamiyya, Gwandu: Abin da shari'a ta ɗora wa miji shi ne mazauni gwargwadon samunsa, kamar yadda aya ta 6 ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta nuna, ba a ce sai na siminti ba. Saboda haka maganar Baba ta zaure al'ada ce.

Tsohon shugaban makaranta, Argungu: Allah gafarta Malam, ni ban ce haramun ne ba, cewa na yi ba gida ba ne, kuma Hausa nake koyarwa tun kafin ka sauke Alƙur'ani. Mazauni daban, gida daban, ai kurciya ma tana da mazauni.

Malamin Islamiyya, Gwandu: Baba, ai Hausawa suna cewa gidan tururuwa da gidan sauro, ban taɓa ganin zaure a jikinsu ba.

Mai haya, Birnin Kebbi: Ni fa maganar ƙarin kuɗin haya na kawo, har yanzu babu wanda ya ce mini ko sannu a kai.

Mai kula da zaure: To, dare ya yi, bari in taƙaita. Mafi yawan waɗanda suka yi magana sun tafi a kan cewa ɗakin mota ba gida ba ne, kuma Baba ya kawo hujjar da ba a iya turewa ba, Hajiya ta ƙarfafa shi. Malam da ɗan'uwanmu na Dakingari sun ɗan saɓa a kan lafazi kawai. Direba ya yi bayanin man fetur, mun gode. Batun haya kuwa, mu da muke da 'yan ɗakunan da muke bayarwa mun san nawa buhun siminti da bandir na kwano suka koma, don haka ina ba mai haya shawara ya je ya sasanta da mai gidansa cikin ladabi. Na rufe wannan magana, kada kowa ya ƙara.