Masallaci a tsakar gidan sufayen Kirista

Ɗan Azhar: Mutanenmu sai a hankali wallahi. Na sa hoton hasumiyar masallaci kafaɗa da kafaɗa da hasumiyar ƙararrawa, wasu suka ce haɗin kwamfuta ne. Da ƙafata na je Santa Katarina, a gindin dutsen Ɗuri Sina a Masar. Gidan sufayen Kirista ne, sarkin Rumawa Jastiniyan ya gina shi a ƙarni na 6, katangarsa ta dutse kamar ganuwa. Masallacin ciki na zamanin daular Faɗimiyawa ne, shekarar 1106. Hasumiyar ƙararrawar ma ƙanwarsa ce, sai 1871 aka yi ta.

Muridin Shehu: Gyara bakinka, ɗan'uwa. Wane sufaye? Ruhubanawa ne, haka Alƙur'ani ya kira su.

Abu Sumayya: Ai gaskiya ce ta suɓuce masa. Keɓewa a kogo da jan carbi dare da rana, ku a ina kuka gano?

Muridin Shehu: Kogon Hira fa? Ko shi ma bidi'a ce?

Maman Ikram: Don Allah ku bari. Malam, an ce suna da takardar amana daga Manzon Allah (SAW), har da hoton tafin hannu. Ka gan ta?

Ɗan Azhar: Kwafi ne a can, Hajiya. Sun ce Sultan Salim na daular Usmaniyya ya kwashe ta asalin zuwa Istanbul a 1517.

Abu Sumayya: "Sun ce." Ina isnadi?

Bulus na Kafanchan: Kuna ta isnadi, ba wanda ya tambayi tsohon Littafi Mai Tsarkin da Bajamushe Tishendof ya fitar daga can a 1859, ya kai Rasha. Rasha ta sayar wa Ingila a 1933 kan fam 100,000. Mazauna gidan kuma, ni 'yan zuhudu nake ce musu.

Muridin Shehu: Zuhudun ma namu ne!

Abu Sumayya: Naku? Mai zuhudu da jif uku?

Muridin Shehu: Ka ambaci shehuna ka ga aiki.

Admin: Ya isa haka. A taƙaice, a ganina "sufaye" kuskure ne babba, sufanci na Musulunci ne tsantsa. Abu Sumayya bai kawo hujja ko ɗaya ba, an dakatar da shi kwana 3. Na rufe.

Ɗan Azhar: To hoton nawa fa, kun yarda ba haɗi ba ne?